SWAMI VIVEKANANDA: MAI GUDUN DUNIYAR DA DUNIYA TA HANA SHI ZAMA

Mai karatu, in dai ka taɓa zama gaban majigi ko akwatin talabijin kana kallon fim ɗin Indiya, to ka sha ganin irinsu: mutum sanye da tufa ruwan goro, sanda a hannu, buta a ɗaya hannun, ba gida ba mata, sai yawo daga wannan gari zuwa wancan. Indiyawa na kiran irin wannan mutum sanyasi, wato wanda ya saki duniya ya rungumi ibada. Mu 'yan kallo ba mu cika kula shi ba, domin hankalinmu na kan jarumi da jaruma, sai a zo wurinsa mu ƙosa a wuce.

Haka kuma da wuya a ce ba ka ga Amar Akbar Anthony na 1977 ba, inda 'yan'uwa uku ciki ɗaya suka rabu tun suna yara, ɗaya ya tashi Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista. Wancan dai labarin fim ne. A wannan watan ina so in ba ka tarihin wani sanyasi na gaske, wanda shekara 39 kacal ya yi a duniya, amma a cikinsu ya zagaya Indiya, ya ƙetare teku zuwa Amurka har sau biyu, ya ci abinci a gidan Musulmi, ya kwana a gidan Kirista, bai kuma taɓa sakin addininsa na Hindu ba. Sunansa Swami Vivekananda. In harafin farkon nan ya ba ka wuya ka ce Bibekananda, ba ka yi laifi ba, don mutanen yankinsu na Bengal ma da "b" suke faɗarsa.

YARON DA YA CIKA TAMBAYA

An haife shi ranar 12 ga Janairu, 1863 a birnin Kalkata, wanda a lokacin shi ne hedkwatar mulkin Ingilishi a Indiya. Sunan yankansa Narendranath Datta, a gida ana ce masa Naren. Mahaifinsa Vishwanath Datta lauya ne a babbar kotun birnin, mutum mai buɗaɗɗen hannu da ke hulɗa da kowa. Mahaifiyarsa Bhuvaneshwari Devi kuwa mace ce mai yawan ibada.

Masu rubuta tarihinsa suna ba da wani labari na ƙuruciyarsa. A ɗakin baƙin mahaifinsa akwai tukwanen shisha jere, kowane rukunin jama'a da tasa, domin a al'adar Hindu ta lokacin ɗan babban aji ba ya sa baki inda ɗan ƙaramin aji ko Musulmi ya sa. Wata rana sai aka tarar da Naren yana bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana zuƙa, har da ta Musulmi. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce so yake ya ga abin da zai same shi. Babu kuwa abin da ya same shi. Ka riƙe wannan labari, zai yi mana amfani a gaba.

Ya yi karatun boko mai zurfi, ya karanta falsafar Turawa, ya sami digiri a 1884. Ga shi mawaƙi mai zaƙin murya, ga son kokawa da motsa jiki. Sai dai karatun ya jefa shi cikin shakka. Ya riƙa bin manyan malaman birnin yana yi masu tambaya guda: shin kai ka taɓa ganin Ubangiji? Kowa sai ya kewaya. A 1881 ya haɗu da wani mai kula da ɗakin bauta a Dakshineswar, bakin kogin Ganga, mai suna Ramakrishna, mutumin ƙauye wanda bai yi wani karatun kirki ba. Shi kaɗai ne ya amsa masa kai tsaye da cewa eh. Naren ya ɗauka mutumin taɓaɓɓe ne, ya yi shekaru yana ja-in-ja da shi kafin ya sallama ya zama almajirinsa.

Shi Ramakrishna yana da wani ra'ayi da ya bambanta shi da sauran malaman Hindu. Almajiransa sun ruwaito cewa a 1866 ya yi kwana uku yana sa tufafi irin na Musulmi, yana salla, yana ambaton Allah, ya ƙaurace wa ɗakin bautarsa, daga baya kuma ya yi wani abu makamancin haka da addinin Kirista. Daga nan ya riƙa koyar da cewa addinai hanyoyi ne da ke kai wa wuri guda. Ni da kai mun san aƙidar Musulunci ba ta yarda da wannan magana ba, Kirista mai riƙo da littafinsa ma ba zai yarda ba. Ba don mu karɓa na kawo ba. Na kawo ne don ka san tushen da almajirin ya tsiro a kai.

YUNWA CE TA YI MASA DARASI

A 1884 mahaifinsa ya rasu kwatsam, ya bar bashi. Gidan da ake ciyar da baƙi ya koma ba na sa wa a baka, dangi suka kai su kotu kan gidan gado, Naren ya yi ta yawon neman aiki da digirinsa bai samu ba. An ce yakan yi wa mahaifiyarsa ƙaryar an gayyace shi cin abinci a waje, don ɗan abin da ke akwai ya ishi ƙannensa. Ranar 16 ga Agusta, 1886 kuma ciwon daji na maƙogwaro ya kashe Ramakrishna. Naren da wasu samari almajirai suka tare a wani kangon gida a Baranagar, suka ɗauki alkawarin gudun duniya: ba aure, ba tara dukiya.

Daga 1888 ya fara fita yawo, daga 1890 kuma ya yi fitar da ya daɗe bai komo ba. Kayansa sanda, butar ruwa da littattafai biyu: Bhagavad Gita na Hindu, da wani tsohon littafin Kiristoci kan koyi da Almasihu. Yau ya kwana a fadar sarki, gobe a bukkar mai shara. In wani ya saya masa tikiti ya hau jirgin ƙasa, in babu ya taka.

A nan ne, a ganina, ya yi karatun da ya fi na jami'a. A 1890, kusa da garin Almora a duwatsun Himalaya, yunwa da gajiya suka kayar da shi a gefen wata maƙabartar Musulmi. Wani fakiri Musulmi mai gadin wurin ne ya zo ya ba shi kokwamba ya ci, ya farfaɗo. Shekara bakwai bayan haka, da ya dawo Almora a matsayin shahararren mutum ana yi masa gagarumar tarba, sai ya hango fakirin nan cikin taro, ya sa aka kawo shi, ya shaida wa jama'a cewa ga wanda ya ceci ransa. A 1891 kuma, a dutsen Abu, wani lauya Musulmi ya same shi yana zaune a kogo, ya roƙe shi ya dawo gidansa, har yana cewa zai sa a riƙa dafa masa abinci daban. Ya koma gidan, kuma tare suka riƙa ci. A gidan wannan lauya ne sakataren sarkin Khetri ya gan shi, ya kai shi wurin ubangidansa Ajit Singh, wanda daga baya ya zama babban mai ɗaukar nauyinsa. Kai ka ji ikon Allah: ƙofar da ta kai malamin Hindu Amurka, a gidan Musulmi aka buɗe ta.

Abin da ya gani a hanya ya tayar masa da hankali. Talauci, jahilci, da wulaƙancin da manyan aji ke yi wa ƙanana. A yankin Malabar na kudu ya tarar akwai mutanen da ba a yarda su bi hanya ɗaya da manya ba, har daga baya ya kwatanta wurin da gidan mahaukata. A ƙarshen Disamba 1892 ya isa Kanyakumari, inda ƙasar Indiya ta ƙare teku ya fara. Ya yi iyo zuwa kan wani dutse a cikin ruwa, ya yi kwana uku yana zuzzurfan tunani. Shawarar da ya fito da ita ita ce, wa'azi ga mai jin yunwa ɓata baki ne, kuma masu gudun duniyar da ke yawo suna cin sadakar talakawa ya kamata su koma yi wa talakawan aiki.

BAƘON DA BA A GAYYATA BA

A lokacin ne labari ya bazu cewa za a yi taron addinan duniya a birnin Shikago, cikin bikin cika shekara 400 da isar Kolumbus nahiyar Amurka. Wasu samari a Madras suka bi gida-gida suna tara masa kuɗin jirgi, sarkin Khetri ya cika, kuma an ce shi ne ya ba shi shawarar ɗaukar sunan Vivekananda. Ranar 31 ga Mayu, 1893 ya tashi daga Bombai a jirgin ruwa, ya bi ta Kolombo, Singafo, Hongkong da Japan. A jirgin da ya kwashe su daga Yokohama zuwa Kanada ya haɗu da attajirin nan Jamsetji Tata, suka tattauna kan ilimin kimiyya da masana'antu. Tata bai manta da hirar ba, don a 1898 ya rubuto masa wasiƙa kan cibiyar binciken kimiyya da yake son kafawa.

Ya isa Shikago a ƙarshen Yuli, sai ga matsala. Taron sai Satumba, an rufe rajista, shi kuma ba wata ƙungiya da ta ba shi takardar wakilci. Kuɗinsa na ta zurarewa. Ya koma wajen Boston inda rayuwa ta fi sauƙi, a can ya haɗu da Farfesa John Henry Wright na Jami'ar Harvard, wanda ya yi mamakin iliminsa ya rubuta wa masu shirya taron. Da ya dawo Shikago sai adireshin ya ɓace masa. Daren nan a cikin taragon kaya ya kwana a tashar jirgin ƙasa. Da safe ya bi gidajen masu kuɗi yana neman abinci kamar yadda ya saba a gida, barori suna rufe masa ƙofa, har ya gaji ya zauna a bakin titi. Wata Kirista, matar George Hale, ta hango shi ta taga, ta fito ta shigar da shi gida, ta ba shi abinci, ta raka shi ofishin taron. Allah sarki! A Almora Musulmi, a Shikago Kirista.

An buɗe taron ranar 11 ga Satumba, 1893, aka yi kwana 17 ana yi. Ba kowa ne ya so shi ba. Shugaban cocin Ingila ya ƙi zuwa, Sarkin Musulmi na daular Usmaniyya, Abdulhamid na Biyu, shi ma bai goyi baya ba. Wanda ya tsaya ya yi bayanin Musulunci wani Ba'amurke ne, Muhammad Alexander Russell Webb, tsohon ƙaramin jakadan Amurka a Manila da ya musulunta a 1888. Da yawa daga masu shirya taron kuma suna sa ran a ƙarshe kowa zai ga fifikon addinin Kirista.

Vivekananda na da shekara 30, bai taɓa magana gaban irin wannan taro ba, ba shi kuma da rubutaccen jawabi. Sau da yawa ana kiransa yana cewa a ba wani tukuna. Da ya miƙe daga ƙarshe, sai ya fara da kiran jama'ar Amurka 'yan'uwansa mata da maza. Dubban mutanen da ke zauren suka ɗau tafi, an ce har kusan minti biyu. Jawabin gajere ne, ya rufe shi da fatan cewa ƙararrawar da aka kaɗa da safen nan ta zama sanarwar mutuwar tsattsauran ra'ayi da zubar da jini da sunan addini. Dubi kwanan watan da kyau, mai karatu. Shekara 108 cif bayan haka, a rana irin wannan, abin da ya faru a New York ya faru.

A kwanakin da suka biyo ya ba su tatsuniyar kwaɗon rijiya, wanda ya ƙaryata kwaɗon teku don bai yarda akwai ruwan da ya fi rijiyarsa girma ba, ya ce Hindu da Kirista da Musulmi kowa na zaune a tasa rijiyar. Ranar 20 ga wata ya juya kan 'yan mishan, ya ce Indiya ba ta rasa addini ba, abinci ta rasa, don me ake gina coci-coci ana barin mutane na mutuwa da yunwa? A jawabinsa na rufewa ya ce ba ya fatan Kirista ya koma Hindu, ko Hindu ya koma Kirista. Kowa ya tsaya a nasa, ya koyi abin kirki daga ɗan'uwansa.

SUNA YA ZO DA NAUYINSA

Daga nan hutu ya ƙare. Ya shiga hannun wani kamfanin shirya laccoci da ya riƙa yawo da shi gari-gari, har ya gane cutarsa ake yi ya raba gari da su. Akwai makon da yakan yi lacca da darasi fiye da goma. A wasu garuruwan an hana shi masauki, an hana shi aski, don an ɗauka baƙar fata ne. Da aka tambaye shi me ya hana ya ce shi Ba'indiye ne, sai ya nuna ba zai nemi daraja ta hanyar taka wani ba. A gida kuma masu ra'ayin riƙau na sukarsa: ya ƙetare teku, ya ci abinci da baƙi, ba shi ma daga ajin malamai na Brahmin.

A 1894 ya kafa ƙungiyar Vedanta a New York. A 1895 ya keɓe da almajirai kimanin 12 na mako bakwai a wani tsibiri a kogin St. Lawrence, yana koyar da su yana halwa, kuma wannan na cikin 'yan lokutan da ya sami natsuwar da yake nema. A Landan ya haɗu da wata malamar makaranta 'yar Ailan, Margaret Noble, wadda ta bi shi Indiya ta zama Nivedita, ta buɗe makarantar 'yan mata a Kalkata. A 1896 ya ziyarci Farfesa Max Müller a Oxford, a shekarar ce kuma littafinsa Raja Yoga ya fito. Yogar nan da kake gani yau a talabijin, wannan littafi na cikin abubuwan da suka fara buɗe mata ƙofa a ƙasashen Turawa, ko da yake tasa ta horar da zuciya ce, ba ta lanƙwasa jiki ba.

Ya sauka Kolombo ranar 15 ga Janairu, 1897, aka yi masa tarbar sarauta har zuwa Kalkata. Ranar 1 ga Mayu ya kafa Ramakrishna Mission, ya tura 'yan'uwansa masu gudun duniya aikin agajin yunwa, jinya da koyarwa. Wasunsu suka yi gunaguni, suna cewa malaminsu ibada ya koya masu ba aikin asibiti ba. Ya tsaya kai da fata cewa yi wa mabuƙaci hidima ita ma ibada ce. Da annoba ta ɓarke a Kalkata a 1898 aka tambaye shi ina za a sami kuɗi, sai ya ce in ta kama a sayar da filin da aka saya don gina mazauninsu. A 1899 mutanensa, har da Nivedita, suka shiga unguwannin talakawa da tsintsiya suna share kwatoci.

SHI DA MUSULUNCI

Ranar 10 ga Yuni, 1898 ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi, Muhammad Sarfaraz Husain na Nainital, wasiƙar da har yau ake kafa hujja da ita. A ciki ya amsa cewa daidaiton 'yan Adam da falsafar Hindu ke faɗa da baki, Musulmi ne suka fi kowa kusantar aikata shi a rayuwar yau da kullum, ya kuma ce fatan Indiya shi ne a haɗa ƙwaƙwalwar Vedanta da gangar jikin Musulunci. A wata lacca a Kalifoniya a 1900 ya yabi Annabi Muhammadu (SAW) a matsayin manzon daidaito da 'yan'uwantaka.

Amma kada in rufe ka, ba nan maganarsa ta tsaya ba. A wasu laccocin ya yi kakkausar suka ga Musulmi, ya zarge su da yaɗa addini da takobi, ya faɗi abubuwan da Musulmi ba zai ji daɗinsu ba. A ƙasan zuciyarsa kuma yana ganin falsafar Vedanta ce ƙololuwar da sauran addinai ke hawa zuwa gare ta. Shi ya sa bayan mutuwarsa kowa ke jan sa ɓangarensa. Masu son zaman tare na ɗauko wasiƙar Nainital, masu kishin Hindu zalla na ɗauko kiran da ya yi wa Hindu su farka su yi ƙarfi. Ginin tunawa da shi da aka buɗe kan dutsen Kanyakumari a 1970, wani jigo na ƙungiyar RSS, Eknath Ranade, shi ya jagoranci aikinsa. A ƙasar da ke girmama shi haka ne kuma aka rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba, 1992.

ƘARSHEN TAFIYA

Jiki fa ba ƙarfe ba ne. Ciwon suga, asma da rashin barci suka taru a kansa. Duk da haka a 1898 ya hau duwatsun Kashmir zuwa kogon Amarnath don ziyarar ibada, a Yuni 1899 kuma ya sake komawa ƙasashen Turawa. Ya koyar a Kalifoniya, ya halarci taron tarihin addinai a Faris a 1900, ya bi ta Istanbul, Atina da Alƙahira, ya dawo mazauninsu na Belur a Disamba 1900. A wata wasiƙa da ya rubuta daga Amurka a wannan tafiya ya nuna ya gaji da shugabanci da suna, burinsa ya koma yaron nan mai zama ƙarƙashin bishiya a Dakshineswar yana sauraron malaminsa. Wanda ya fito neman kaɗaici, jama'a ba ta bar shi ya same shi ba.

Ranar 4 ga Yuli, 1902 ya tashi da sassafe, ya yi awa uku shi kaɗai a ɗakin ibada, ya koyar da ɗalibai nahawun Sanskrit da rana, ya yi tattaki da yamma. Da dare ya shiga ɗakinsa, bayan ƙarfe 9 rai ya yi halinsa. Ya sha faɗa wa mutanensa cewa ba zai kai 40 ba.

Babban ɗakin bautar Belur da aka buɗe a 1938 an gina shi bisa tunaninsa, da siffofin da aka aro daga ginin Hindu, coci da masallaci. Daga 1985 Indiya ta mai da ranar haihuwarsa ranar matasa ta ƙasa. Ga masu sha'awar fim kuma, darakta G. V. Iyer ya shirya fim kan rayuwarsa da ya fito a 1998, kuma ka san wa ya fito a matsayin Ramakrishna? Mithun Chakraborty, ɗan rawar nan na Disco Dancer, har ya ci lambar yabo ta ƙasa da wannan fitowa.

To, mai karatu, ba sai ka yarda da aƙidar mutumin nan ba, ni ma ban yarda da ita ba. Amma duba inda ya koyi zama da wanda ba addininsu ɗaya ba. Kafin ya hau mumbarin Shikago sai da fakirin Almora ya ba shi kokwamba, lauyan dutsen Abu ya ba shi ɗaki, matar Hale ta buɗe masa ƙofa, kuma babu ɗaya cikinsu da ya nemi ya sauya addini kafin ya taimake shi. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Mu da muka ga abin da ya faru a Kaduna a 2000 da Jos a 2001, mun ga taruka da jawabai iri-iri bayan kowace tarzoma. Sai mu tambayi kanmu, yaushe rabon da a aika wa maƙwabcin nan da kwanon abinci ranar Salla, ko a karɓi nasa ranar Kirsimeti? Allah Ya zaunar da mu lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.